Yadda za ka yi Sallah lafiya a gidan da zaɓe ya raba kan 'yan'uwa

Ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo ranar Juma'a 21 ga Afrilu, kuma duk wanda ya yi ta a babban gida irin namu a Kano ya san ba da zuciya ɗaya aka yi ta ba. An yi zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu, na gwamnoni 18 ga Maris, bayan kwana biyar azumi ya kama, mutane suka shiga Ramadan da ɗacin zaɓe a maƙogwaro ga wahalar canjin kuɗi da ba ta gama sakin mutane ba. Ana saura kwana biyar Sallah kuma sai ga rikicin zaɓen gwamnan Adamawa, kwamishinan zaɓen jihar Hudu Yunusa Ari ya tashi ya ce Binani ce ta ci alhali ba a gama tattara sakamako ba, INEC ta ce ba da yawunta ba, bayan kwana biyu aka bayyana Fintiri. To da wannan zafin aka sauko daga Idi aka taru a soro.

A gidanmu ranar nan Baffa na nan, shi ɗan APC ne tun tana ANPP, Yayanmu babba ya shigo da jar hularsa, akwai ɗan Kawu da ya zo daga Abuja shi kuma Obi ya yi, matan gida rabi Atiku rabi Kwankwaso. Ba a kai ga gama tuwo ba magana ta tashi daga "ai murɗiya aka yi" ta koma "ai kai dama an saye ka", Baffa ya tsame hannunsa daga kwano ya kira 'ya'yansa suka fita, wata bakwai bai ƙara taka gidan ba, har Hajiya ta kwanta ciwo sai a waya yake gaishe ta. Abin ya dame ni sosai wallahi, kuma daga nan ne muka zauna da ni da Yaya da Goggo muka ce ba za a sake ba. Abin da zan faɗa a nan shi muke yi tun daga lokacin, kuma ya yi mana aiki.

Aikin tun kafin ranar yake farawa. Rigimar da ake yi a soro ranar Sallah yawanci an riga an dafa ta a guruf ɗin WhatsApp na dangi tun sati biyu baya, kowa ya zo ne da amsar da bai samu ya bayar ba. Saboda haka in kai ne adimin, ko kana da ta cewa wajen adimin, a goman ƙarshe na azumi ko farkon Zulhajji ka sa babba a gidan, ba kai ba, ya yi boyis guda ɗaya gajere ya ce dan Allah daga yau zuwa bayan Sallah a bar turo na siyasa a nan, a bar mana wajen gaisuwa da shirin ziyara. Dole babba ne zai faɗa, kuma babban da kowane ɓangare ba ya zargi, mu Goggo muke sawa don ita ko katin zaɓe ba ta je ta karɓa ba. In kai ɗan Kwankwasiyya ne ka ce a daina siyasa, ɗan Gandujiyya abin da zai ji shi ne "ku yi shiru mun ci", haka ma in an juya. Wanda ya manta ya turo, kar a yi masa tsawa a gaban mutum sittin, a bi shi ta bayan fage a ce ya goge. Masu son muhawara kuma a buɗe musu nasu guruf ɗin daban su je can su yi ta yi, babu laifi, mu ma muna da shi kuma ni kaina ina ciki.

Sai maganar kaya. Ni ba zan ce wa kowa ya cire hularsa ba, jar hula hula ce kuma mutum na da 'yancin sa abin da yake so, amma ka tambayi kanka gidan wa za ka. In gidan Kawun da ɗan takararsa ya faɗi za ka je gaisuwa, kuma ka san har yau abin na cinsa, me zai rage maka in ka sa zanna bukar ko wata hular ta yini ɗaya? Haka wanda motarsa ke manne da fosta, ka faka ta ɗan nesa da ƙofar gida. Waƙar kamfen a waya ko a sipika ita ce ma ta fi komai tunzura mutane, don waƙoƙin nan cike suke da habaici da zambo kuma kowa ya san da wa ake, yara su kan kunna ba tare da sun san nauyin abin ba, a gaya musu tun da safe.

Zama ma a tsara shi. Kowane gida an san mutum biyu ko uku da in suka haɗu sai an ji su, kar a haɗa su kwano ɗaya, kuma kar a bar su zaune babu abin yi bayan an ci an ƙoshi don lokacin ne ake farawa. A Babbar Sallah abin ya fi sauƙi saboda akwai aiki, wannan a ba shi fiɗa, wancan a tura shi rabon nama unguwar gaba, a ƙaramar Sallah kuwa sai an ƙirƙiro, wani ya kwashi yara zuwa kallon hawa ko gidan zu, wani ya kai su Inna gidajen gaisuwa.

To amma duk dabararka maganar za ta taso, kuma a nan nake so in daɗe, don ni ban yarda da masu cewa a toshe baki kawai ba. Mutumin da ya tsaya a layi tun asuba har la'asar, ya tsaya aka ƙirga ƙuri'a a gabansa, daga baya ya ji sakamakon da bai yi masa kama da abin da ya gani ba, in ka ce masa "ka bar wa Allah" ka juya baya, ka raina masa hankali ne. Kuma magana ta gaskiya ana maguɗi a ƙasar nan, an sha yi, wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama ta Kano a zaɓen cike gurbi na 23 ga Maris 2019 ba za ka iya gaya masa cewa komai lafiya lau ake yi ba. Abin da ake so shi ne a yi maganar ta hanyar da za a tashi ana gaisawa.

Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce tambaya ɗaya, a yi ta da murya ƙasa ƙasa kuma da niyyar sauraro: "a wace akwatin?" In Yaya ya ce an yi aringizo, ka ce Yaya a wace akwatin, a wace mazaɓa, kai ka gani ko gaya maka aka yi ko kuwa a waya ka gani. Ukun nan ba ɗaya ba ne. Wanda ya gani da idonsa a rumfarsu a saurare shi har ya gama kar a katse shi, shi shaida ne. Wanda ejan ɗin jam'iyya ya gaya wa, akwai hanyar dubawa. Wanda kuwa boyis ne aka turo masa na wani mutum da ba a san sunansa ba yana cewa "wallahi yanzun nan daga majiya mai tushe", wannan a ajiye shi gefe tukuna. Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, kuma a Suratul Hujurat an umarce mu da mu bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu zo muna nadama. Kowa a soron ya san wannan, tunatarwa kawai ake yi, amma ka fara da kanka, ka ce ni ma akwai wanda na tura ban bincika ba.

Yadda ake dubawa kuwa ba wuya. Kowace rumfar zaɓe tana da takardar sakamako da ake kira EC8A, a nan ake rubuta ƙuri'ar kowace jam'iyya, jami'in zaɓe ya sa hannu ya buga hatimi, ejan ejan su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe a ɗora a shafin IReV na INEC. Daga nan ake kai ta mazaɓa a tara a EC8B, sai ƙaramar hukuma, sai jiha. Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 ne da mazaɓu 484, ƙasar gaba ɗaya rumfuna 176,846. Saboda haka in ana gardama kan wata akwati, a buɗe IReV a waya a nemo jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, a duba hoton a gwada shi da kwafin da ke hannun ejan in akwai wanda ya san shi. Abu biyu za ka kalla, ko alƙaluman sun yi daidai kuma babu goge goge, sannan ko ƙuri'un da aka kaɗa sun fi yawan waɗanda BVAS ta tantance, don dokar zaɓe ta 2022 ta ce in sun fi to a soke sakamakon rumfar. Wani lokacin za ku tarar mai ƙorafin yana da gaskiya, in haka ne ka faɗa a fili ka ce gaskiya wannan akwai matsala ko da jam'iyyarka ce ta amfana, wannan kalma ɗaya tana sauke fushin mutum fiye da wa'azin awa guda. Wani lokacin kuma za ku tarar daidai take, sai a yi shiru a bar shi ya haɗiye, kar a yi masa dariya.

Amma ka sani IReV ɗin ma tana cikin abin da ake rigima a kai. Ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, kotu kuma daga baya ta ce doka ba ta wajabta tura sakamako ta intanet ba. Wanda ya ce wannan bai kwanta masa ba yana da hujjar jin haka, kar ka ce masa mahaukaci. Sai dai akwai tazara tsakanin "abin nan bai kwanta min ba" da "na tabbata ɗan takarata ne ya ci". Alƙaluman da aka bayyana su ne Tinubu miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5, wato mutum uku na adawa in an haɗa sun fi wanda ya ci nesa ba kusa ba, shi ya sa kowa in ya duba unguwarsu sai ya ga kamar ba wanda ya zaɓi mai nasara. Akwatinku gaskiya ce amma guda ɗaya ce cikin dubu ɗari da saba'in da shida. Mutumin Fagge da mutumin Legas da mutumin Anambara kowa zai rantse da abin da ya gani kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Maganar kotu ma haka, kar ka riƙe hukunci ɗaya ka buga wa ɗan'uwanka a ka. Dubi na Kano, INEC ta ce Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare ƙuri'a 165,663 daga na Abba ta ce takardun babu hatimi ko sa hannu, ta ba Gawuna. Kotun ɗaukaka ƙara a Nuwamba ita ma ta sauke Abba, sannan takardar hukuncin da ta fito a rubuce aka samu wani sashe a ciki da ya saɓa wa abin da aka karanta a zaure, kotun ta ce kuskuren rubutu ne, ranar nan kowane ɓangare yana yawo da shafin da ya yi masa daɗi a waya. Sai 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa. In alƙalai masu karatun shari'a sun saɓa har haka a kan takardu iri ɗaya, to don Baffa da Yaya sun saɓa a kan tabarma ba abin yanke zumunci ba ne. In shari'ar na gaba lokacin Sallah, abin da za ka ce kawai shi ne tana kotu, doka ta ba kotun farko kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, mu jira, miƙo min zoɓon nan.

Bidiyo kuma a yi hattara da shi sosai, lokacin zaɓe ake tono tsofaffin bidiyoyi na 2015 da 2019, wani ma ba na ƙasar nan ba, a manna musu sabon suna. Ka duba fostocin da ke bango a ciki na wace shekara ne, wace jam'iyya, lambar mota ta ina ce, yaren da ake yi a baya na ina ne. In ka iya, ka ɗauki sikirinshot ka sa a Google Lens sau da yawa zai nuna maka inda ya fara fitowa. Yaran gida sun fi mu iya wannan, ka ba ɗaya daga cikinsu ya duba, su ma sun koyi wani abu kenan.

Akwai kalmomin da ni a ganina haramun ne a soro ranar Sallah ko da wasa. "An saye ka", "ɗan kwangila", "munafuki", "maƙiyin Arewa", da uwa uba duk wata magana da ke taɓa imanin mutum saboda wanda ya zaɓa, a 2023 an yi ta wannan kan tikitin Musulmi da Musulmi har wasu na fitar da wasu daga addini a kan ƙuri'a. Ka soki ɗan takara yadda kake so, ka ce bai iya mulki ba, ka kawo tsadar fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 bayan 29 ga Mayun 2023, ka kawo rusau, duk wannan siyasa ce. Amma da zarar ka bar ɗan takara ka koma kan mutumin da ke gabanka, ka ce shi ne marar kishi ko marar tsoron Allah, to ka fita daga siyasa ka shiga mutuncinsa, kuma magana zarar bunu ce. Baffa ba don an ce jam'iyyarsa ta yi murɗiya ya tashi ba, ya saba jin wannan tun zamanin NPN da PRP, don ɗan ɗan'uwansa ya ce an saye shi a gaban 'ya'yansa ne.

Ka kuma tuna su waɗanda ake faɗan dominsu ba haka suke yi ba. Kwankwaso da Ganduje gwamna da mataimaki ne sau biyu, 1999 da 2011. Shekarau shi ya kayar da Kwankwaso a 2003, a 2022 ya shiga NNPP wajensa, bayan wata uku ya fice ya koma PDP. Atiku da Tinubu jam'iyya ɗaya suke a 2015. Suna ɓatawa su shirya, suna halartar ɗaurin auren 'ya'yan juna. Kai kuwa ranar da aka kwantar da kai a asibiti Yayan nan mai jar hula ko Baffan nan ɗan tsintsiya shi zai kwana a kan benci yana jiranka.

In duk da haka murya ta fara tashi, kar ka shiga raba gardama da hujja, lokacin hujja ya wuce. A tashi taron kawai, a ce lokacin sallah ya yi a je a yi alwala, ko a kira ɗaya daga cikinsu a ce Hajiya na nemansa a ciki, kuma Hajiyar ta san da shirin tun farko ta riƙe shi da hira. Yara a fitar da su tun kafin a kai nan, don abin da yaro ya ji babansa ya faɗa wa Kawu shi zai maimaita wa 'ya'yan Kawun a makaranta. In kai ne a cikin gardamar kuma ka tabbata kai ke da gaskiya, akwai hadisin da ya yi alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya, ni shi nake tunawa in na ji kaina ya ɗau zafi, sai in ce "to Baffa, Allah ya zaɓa mana mafi alheri", in yi shiru. Ban canja ra'ayina ba, kuma shi ma ya san ban canja ba.

Kar a manta da maƙwabta, musamman ku da ke Kaduna, Jos, Sabon Gari da irinsu inda Sallah da Kirsimeti ke zagayowa a layi ɗaya. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an rasa rayuka sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, kuma da maganar "an yi maguɗi" abin ya fara kafin ya rikiɗe ya koma na addini. Shekarar da aka yi zaɓe mai zafi ita ce shekarar da bai kamata kwanon naman maƙwabcinka ya yi fashi ba, in ma da yaro kake aikawa, bana ka kai da kanka ka tsaya a gaisa. Shi ma in ya aiko da nasa a Disamba ka karɓa da hannu biyu kamar yadda aka saba.

In kuma an riga an yi ɓatacciya wani ya tafi da fushi, kar a bar shi ya wuce kwana uku, addini ma iyakar da ya sa kenan, mu da muka bari ya kai wata bakwai mun ga yadda abin ke ƙara tauri kullum. Kar ka tura saƙo a waya, kar ka rubuta dogon bayani a guruf, zumunta a ƙafa take. Ƙaramin shi zai je ko da shi aka yi wa laifi, ya tafi da wani babba guda ɗaya, a riƙe dambun nama ko cincin a leda, a je bayan la'asar lokacin da ya dawo gida. In an zauna kar a sake buɗe maganar wa ya ci wa ya faɗi, kuma kar ka ce "in na ɓata maka rai", ka san ka ɓata, ka ambaci kalmar da ka faɗa ka ce ita ce kuskurena a yafe min. Haka Yaya ya yi, ya tuɓe hularsa ya durƙusa a soron Baffa ya ce "Baffa na ce an saye ka, ban kyauta ba, kuma na san ba gaskiya ba ne", Baffa ya daɗe bai ce komai ba sannan ya tambaye shi jikin Hajiya, washegari da safe sai ga shi a gida da ledar lemo da ayaba.